Shaidar da Na Kawo da Kaina

Na sauka a Manchester cikin shekarun da gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihunta, da tallafin karatu na jiharmu, domin in yi digiri na biyu a fannin tarihi. Ban fahimci abin da wannan tsukewa take nufi ba sai da na soma zagaya ɗakunan karatu da gidajen adana kayan tarihi. Inda aka saba buɗewa kullum ya koma wasu ranaku kaɗai. Inda aka saba samun ma'aikaci a kowane ɗaki, sai ka tarar an gitta igiya a bakin ƙofa, kujerar mai gadi babu kowa a kanta. Ni kuwa abin da ya kawo ni ƙasar yana bayan irin waɗannan igiyoyi.

Tun ina ƙarami na fara jin sunan Rumawa a wurin tafsiri, kuma sunan bai sake ni ba. Su wane ne waɗannan mutane da har teku ta ɗauki sunansu, muke ce mata Bahar Rum? Da na shiga jami'a a gida na gano cewa Rumawan da Musulmin farko suka yi maƙwabtaka da su na gabas ne, masu magana da Girkanci, waɗanda babban birninsu shi ne wanda muke kira Santambul. Na ga aikin hannunsu a littattafan da suka sha hannu har launinsu ya koɗe: bangaye lulluɓe da ƙananan gutsattsarin gilashi da dutse, fuskoki masu manyan idanu, bayansu zinare zalla, babu sama babu ƙasa. Santambul ta yi mini nisa, amma an ce mini Ingila ta tara kayansu da yawa, sai na yi wa kaina alkawarin ganin abin da ya samu.

Ɗaliban Arewa da ke can suna da wata al'ada mai kyau: sabon zuwa ba ya kwana a otal. Wanda ya riga shi zuwa shi zai tarbe shi, ya sauke shi, ya nuna masa masallaci da mahauci da motar da ke zuwa jami'a. Wanda ya tarbe ni wani Bakatsine ne da ke digiri na uku a fannin harhaɗa magunguna, ya girme ni da 'yan shekaru, iyalinsa suna gida. Tun ranar farko na kira shi Yaya. Aka sami ɗaki babu kowa a gidan da yake haya a unguwar Fallowfield, ya tsaya mini wurin mai gidan, na zauna. Tukunya ɗaya muke ci. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a lokacin sanyin farko, shi ya kai ni wurin likita, shi ya dama mini kunu har na tashi.

“Rumawa?” in ji shi, ranar da na faɗa masa abin da nake bincike a kai. “Ai da ka tambaye ni tun a gida, da na hutar da kai. Muna da su a Katsina, ga Ruma nan kusa da Batsari. Tasha kawai za ka je.”

Daga ranar ya laƙaba mini Sarkin Rum, sunan kuma ya bi ni har masallaci.

A Birmingham akwai wani gidan tarihi mai tarin sulallan Rumawa. Ba a buɗe ɗakinsu sai an nemi izini tun da wuri, domin ma'aikaciya ɗaya ta rage mai kula da su, wata dattijuwar Baturiya mai sanyin magana. Na riƙa bin motar safe ina zuwa. Wata rana ta ajiye mini wani ɗan dinare a kan ƙyalle, ta ce in duba da kyau. A fuskarsa mutane ne a tsaye da shiga irin ta sarakunan Rum. A bayansa akwai matakala, amma inda Rumawa suke kafa gicciye a kanta, an cire hannun gicciyen, sanda kawai ta rage, a kewaye kuma kalmar shahada ce da Larabci. Musulmin Sham ne suka buga shi tun ba su fito da nasu salon ba. Na daɗe a sunkuye kansa har wuyana ya ƙage.

Tsakanin fitowata daga gidan tarihin da tashin motar yamma akwai sarari, sai na riƙa shiga wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa, kusa da Ladywood. A nan na haɗu da wata yarinya. Na fita baranda ina waya da Yaya, na dawo na zauna, sai na ji murya a kaina:

“Sannu da aiki, Malam. Za mu rufe.”

Na ɗaga kai na ga yarinyar da ke jera littattafai. Iyayenta mutanen zangon Kumasi ne, ita kuwa a Birmingham aka haife ta. Na ce mata ai yamma ba ta yi ba.

“Hukumar gari ta yanke mana lokaci,” in ji ta. “In kana son mutanen nan naka masu manyan idanu, sai ka riƙa zuwa da wuri. Amma Malam, Hausarka kamar ta rediyo. Labarai kake karantawa a gida?”

Ta riƙa nemo mini littattafai daga sauran rassa, tana ajiye su ƙarƙashin teburinta. Tana da tambayoyin da malamaina ba su taɓa yi mini ba. Me ya sa babu inuwa a hotunan? Wa ke share bangon idan ƙura ta hau zinaren? Kafin sanyi ya sake zagayowa na san cewa ba littattafai kaɗai ke kai ni ɗakin ba, ita ma ta sani, kuma ta faɗa wa mahaifiyarta.

A cikin wannan lokaci ne dattijuwar gidan tarihin ta shaida mini cewa an soke gurbinta, za a kulle ɗakin sulallan sai yadda hali ya yi. Ta ga yadda fuskata ta canza, sai ta ce in ina son ganin zanen Rumawa a irin wurin da aka yi shi dominsa, akwai wani cocin Girkawa a cikin garin Birmingham. In na je ranar Lahadi bayan sun gama ibada, za su bar ni in shiga in duba.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ban taɓa sa ƙafa a coci ba, kuma ban so in je ni kaɗai ba. Na tuntuɓi Yaya ina shakkar abin da zai ce.

“Mu je mana,” in ji shi. “Kallo za mu yi, ba salla ba. Sharaɗi ɗaya: in sun kawo abinci, babba ne ke fara sa hannu.”

Daga waje ginin tsohon jan bulo ne irin na Turawa, babu abin da zai tsayar da mai wucewa. Wani tsoho ɗan tsibirin Ƙubrus, wanda ke kula da wurin, ya tarbe mu a ƙofa. Ya roƙe mu cikin ladabi mu cire huluna, domin haka mazansu suke yi a ciki. Na dubi Yaya. Ya cire tasa, ya ninke ta ya sa a aljihun riga, ni ma na cire tawa, muka shiga.

A can gaba akwai bangon katako da ya raba wurin limaminsu da na jama'a, an jere shi da alluna masu hotunan waliyyansu. Kyandirori ba su gama mutuwa ba. A littafi zinaren hoto a kwance yake kamar fenti, amma a nan, duk sa'ad da harshen kyandir ya motsa, sai zinaren ya motsa tare da shi. Yaya ya zagaya yana yi wa tsohon tambayoyi, daga batun waliyyai har suka gangaro batun ƙwallo, wasu tsofaffin mata kuma suka kawo masa gahawa da biskit, ya zauna a benci ya sha.

Ni kuwa na tsaya gaban wani ƙaramin allo da ke gefe. Ba fuskar da ke kai ce ta riƙe ni ba, bakinsa ne. An kewaye shi da jan layi, a cikinsa wani rawaya, kuma a kusurwa ɗaya hannun mai zanen ya ɗan yi rawa, layin ya kauce ya dawo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke yi wa masu saukar karatu allon zayyana a unguwarmu. Ina zaune kusa da shi yake dama ja da rawaya da ƙaro, kuma a shekarunsa na ƙarshe haka hannunsa yake yi idan ya zo kusurwa. Ga ƙamshin lubban ya cika wurin. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Yaya ya zo ya dafa kafaɗata. “Lafiya, ƙanena?”

“Baba na tuna,” na ce masa, na nuna masa layin, na gaya masa dalili.

“Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta,” in ji shi. Ya tsaya tare da ni har na share fuskata. A mota muna komawa na ji a raina cewa babu wanda ya san ni a ƙasar nan kamar wannan mutum.

Ba a daɗe ba mahaifin yarinyar ya aiko in zo. Suna zaune can sama a wani dogon bene na Ladywood, na'urar hawa ta lalace, na hau da ƙafa na isa ina haki. Direban bas ne, dattijo mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi in zauna. Ya tambaye ni garinmu da iyayena da karatuna. Aka kawo shinkafa da wake irin tasu, ya tsare ni sai da na ci.

“Ɗana,” in ji shi, “kafin in yi magana da magabatanka sai na yi bincike. Da a gida ne, unguwarku zan aika a tambayi maƙwabta. A nan ba ni da unguwar da zan aika. Kai za ka ba ni mutum. Wa ya san ka, sani na kwana da tashi?”

Daga baya na ji cewa yawancin samari liman suke bayarwa, ko shugaban ɗalibai, wanda zai ce yaron kirki ne, yana zuwa jam'i, a wuce wurin. Ni na ɗauki tambayar yadda aka yi ta. Na ba shi Yaya, ina alfahari.

“Kwantar da hankalinka,” in ji Yaya da na faɗa masa. “Zan ce masa tuwonka gudaji ne da shi. In ban da wannan, ban san maka aibi ba.”

Da dattijon ya sake kirana, ba a kawo abinci ba. Ƙofar ɗakin ciki a rufe take. Bayan gaisuwa, yana murza carbi, ya ce:

“Gaskiya ne ka shiga coci?”

“Na shiga, Baba. Domin karatuna.”

“Ka cire hula?”

“Na cire. Sun roƙa.”

“Ka tsaya gaban hoton da suke yi wa ibada, ka yi kuka?”

Na ce haka ne, na soma ba shi labarin mahaifina da allon zayyana. Ya saurare ni har na kai ƙarshe, bai katse ni ba.

“Yayanka bai faɗi wannan ba,” in ji shi. “Cewa ya yi ya yi maka nasiha ka ƙi ji, sai ya bi ka don kada ka tafi kai kaɗai. Ya ce shi a waje ya tsaya, ta ƙofa ya hango ka.”

Na ce, “Baba, tare muka shiga. Shi ya fara cire hula. A benci ya zauna, har gahawarsu ya sha.”

Dattijon ya dube ni da tausayi, wannan kuwa ya fi mini zafi fiye da a ce faɗa ya yi.

“Ɗana, ban ce ka bar addini ba. Na daɗe a ƙasar nan, na ɗauki kowane irin mutum a motata. Da wani ne can ya kawo mini maganar nan, da na ce hassada ce. Amma kai ka ba ni shi. Yanzu ɗayan biyu ne: ko ya faɗi gaskiya, ko kuma mutumin da ka ce ya fi kowa saninka ya yi mini ƙarya a kan auren 'yata, kai kuwa kuna ci a tukunya ɗaya ba ka taɓa gane shi ba. Ban ga wanda zan iya kai wa 'yan'uwana a Kumasi ba. In shi ya kira ni da bakinsa ya gyara, zan sake dubawa. In ba haka ba, ka yi haƙuri.”

Na tarar da Yaya a kicin yana soya albasa. Ya ga fuskata, ya rage wuta.

“A waje ka tsaya, Yaya?”

“Zauna tukuna.”

“A waje ka tsaya?”

“An tambaye ni tsakanina da Allah ko akwai wani abu da ya kamata uba ya sani. Amana ce. Da 'yarka ce, ba za ka so a faɗa maka ba?”

“Ka faɗa masa dalilin kukan?”

“Bai tambaya ba.”

“Amma ya tambaye ka ko ka shiga.”

Ya juya albasar. Sa'an nan ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar akwai wani a gidan bayan mu.

“Maganar ta fita ne ban shirya ba. Na ce ka kai ni coci, don in nuna masa yadda kake son karatunka. Sai na ji muryarsa ta sauya, ya ce, kai ma ka shiga? Ƙanena, tsohon nan ya san rabin mutanen masallacinmu. Ni ke jan salla in liman ba ya nan. Ni ke koya wa 'ya'yansu karatu ranar Asabar. A ji cewa na cire hula a coci na zauna shan gahawa? Kai kowa ya san halinka, daga wurinka ba abin mamaki ba ne.”

“To me ya kawo nasihar da ka ce ka yi mini?”

“Da na ce a waje na tsaya, dole in faɗi abin da ya kai ni.”

“Ka kira shi ka gyara. Ya ce in ka kira zai sake dubawa.”

“In kira dattijo in ce masa ƙarya na yi? Come on, ƙanena. Bari ƙura ta lafa, zan san yadda zan yi. Ɗauko faranti, abinci ya kusa.”

Ban ɗauko ba. Na roƙe shi washegari, na sake roƙonsa bayan mako ya zagayo. Kullum amsar ɗaya ce: zai kira, yana neman lokacin da ya dace. Yana ta zuba mini abinci yana rufewa kamar yadda ya saba, ni kuwa na koma cin burodi a ɗakina.

Na je ɗakin karatun na same ta tana cusa littattafai a kwali, domin za a haɗe reshensu da wani. Ba ta yi mini wasan da ta saba ba.

“Na ji komai ta bayan ƙofa,” in ji ta. “Na yarda da kai. Na faɗa wa Baba na yarda da kai. Ya ce ba ni aka tambaya ba, kuma shi ba ya sauya magana sai wanda ya ba da shaida ya sauya.”

“Zai kira.”

“Malam,” ta ce, ta ajiye littafin da ke hannunta, “me ya sa ba ka ba shi liman ba? Kowa liman yake bayarwa.”

“Liman bai san ni ba.”

“Shi ya sa ake ba da shi.”

Ta ce za ta jira, amma ba za ta iya jira ba iyaka ba, kuma kada in ƙara zuwa wurin aikinta sai an daidaita da mahaifinta. Na ga dacewar hakan, na yi mata sallama.

Na bar Fallowfield na koma wani ɗaki a unguwar Hulme, cikin mutanen da ba su san harshena ba. Na kammala karatuna a kan sulallan Sham, na rubuta shi da kyau gwargwadon iyawata. Wayata ba ta taɓa nisa da ni ba a watannin nan. Ana nan wani ɗalibi da ke da dangi a Birmingham ya faɗa mini, a cikin hira, cewa an sa ranar 'yar direban nan na Ladywood da wani ɗan garinsu mai aiki a asibiti. Bai san abin da ya faɗa mini ba, ni ma ban nuna masa ba.

Juma'ar da ta biyo baya na makara, na sami wuri a sahun baya. Ana tayar da iƙama wani ya shigo ya cike gurbin da ke damana. Yaya ne. Liman ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa, sai ya matso, kafaɗarsa ta haɗu da tawa, ɗan yatsan ƙafarsa ya taɓa nawa. Haka muka yi raka'o'in nan, muna sunkuyawa tare muna ɗagowa tare, ina jin ƙamshin turarensa da na sani. Na yi ƙoƙari in tsare zuciyata a kan karatun liman, ban iya ba.

Da aka sallame ya miƙo mini hannu yana murmushi.

“Salamu alaikum, ƙanena. Kwana biyu. Ka ƙaurace mana.”

“Wa alaikumus salam.” Na ba shi hannu, domin amsa sallama wajibi ce. “An sa mata rana, Yaya.”

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. “Wallahi ina da niyyar kiransa,” in ji shi. “Ko a satin nan sai da na ɗauko wayar.”

Wani dattijo ya taɓa shi ta baya yana tambayarsa batun karatun yara na gobe. Ya juya ya amsa masa da fara'a, bai saki hannuna ba. Na zare shi a hankali, na tafi neman takalmana.